Tambaya da Amsa: Yaran da ba sa barcin rana a gidan reno

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da yara goma sha biyu, 'yan shekara biyu zuwa huɗu, a wani gidan reno a Mabera, Sakkwato. Bayan azahar mukan shimfiɗa musu tabarma su kwanta, amma uku daga ciki idonsu biyu har a tashi, suna ta da sauran. Wata abokiyar aiki ta ce in riƙa ba su ɗan Piriton. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Don Allah kada ki kusanci maganin nan. Na ƙaiƙayi da atishawa ne, ba na sa barci ba. Wasu yaran ma birkita su yake yi, in kuma ya yi yawa akwai haɗari. Ba a ba ɗan wani magani sai da sanin iyayensa da umarnin likita.

Ki fara duba shekarunsu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a dare da rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Ɗan shekara huɗu da ya kwanta bayan isha'i ya tashi ƙarfe shida da rabi ya riga ya samu rabonsa. Yawancin yara tsakanin shekara uku da biyar suke barin barcin rana, ba taurin kai ba ne. Ki tambayi uwayensu lokacin kwanciyarsu, da abin da ake zuba musu a gora, domin shayi da lemon kwalba mai kola suna hana ido rufuwa.

Irin wannan yaro hutu za ki nema masa. Ki kai tabarmarsa bakin ƙofa, nesa da masu barci, inda kike ganinsa. Ya kwanta shiru minti 20 zuwa 30. In barci bai zo ba, ya zauna da littafin hotuna ko allo da alli. Ban da marfin kwalba da tsakuwa, ƙananan za su iya kai su baki. Barazanar dodo ko bulala kuwa ƙara buɗe ido take yi, mai jin tsoro ba ya barci.

Ɗan shekara biyu daban ne. In yana rigima yana murza ido amma ya ƙi kwanciya, yawanci gajiya ce ta wuce kima. Ki kwantar da shi rabin awa kafin lokacin da aka saba, kina bubbuga bayansa a hankali. Tsarin ya zama ɗaya kullum: fitsari, wanke fuska, kurɓin ruwa, addu'a, sannan tabarma.

Sai zafin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa da azahar ba a magana, balle in babu wuta. Ki taɓa ƙeyar yaro. In ta jiƙe da zufa ko akwai ƙurajen zafi, ki cire masa safa da rigar sama, ki goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Masu barcin kuma ki tashe su kafin la'asar, kada su hana iyayensu runtsawa da dare.

Yaron da kika ga yana minshari kullum, yana numfashi ta baki, ko numfashinsa yana ɗan tsayawa cikin barci, ki shaida wa mahaifiyarsa ta kai shi wurin likitan yara.