Laftof Ɗina Tana Sandarewa, Shin Bairos Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, ina zaune a Samaru. Laftof ɗina tsohuwa ce mai RAM giga 4, yayana ya sa mini Ubuntu a ciki. In ina rubutun furojet na buɗe shafuka da yawa a Chrome, sai ta sandare, maus ya ƙi motsi, 'yar fitilar gefe ta yi ta ƙiftawa, wani lokaci har minti goma. Can sai ta farfaɗo, amma wasu shafukan sun mutu. Wani mai gyara ya ce bairos ne, in kawo dubu biyar ya wanke ta. Haka ne?
— Wata ɗaliba, Samaru

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki riƙe dubu biyar ɗinki. Ko an wanke ta sau bakwai, ranar da kika sake buɗe shafuka talatin haka za ta yi miki. Wuri ne ya yi mata kaɗan.

Akwai tela a jikin shagona a nan Sabon Gari, da shi nake yi wa mutane misali. Teburin da yake yanka a kai shi ne RAM: komai na kusa da hannu, amma ƙarami ne. Buhunan da ya jibge a ƙuryar baya su ne faifan ajiya. Shi kansa telan, mai cewa wannan yadi ya hau tebur wancan ya sauka, shi ne kanel, wato zuciyar manhajar da ke juya na'urar. Na cikin Ubuntu, babbar manhajar da ke juya laftof ɗinki a madadin Windows, sunansa Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Yakan yanka RAM gunduwa-gunduwa, kowace kilobait 4, don haka giga 4 ɗinki gunduwa miliyan ɗaya ce da 'yan kai, kuma ya san mai kowace.

Linux na da halin tela ana saura mako biyu Sallah: ba ya iya cewa a'a. Duk manhajar da ta nemi wuri sai ya ce an ba ki, ko da jimillar alkawuran ta fi abin da ke akwai, domin ya san yawancinsu roƙon yawa suke, ba za su taɓa duka abin da suka nema ba. Sau da yawa lissafin yana fita. Ranar da kowa ya zo karɓar ɗinkinsa lokaci guda, a nan ido ke raina fata.

Da teburin ya fara cika, wani ɗan aikensa mai suna kswapd yake tashi. Abin da ya fara zubarwa shi ne kofen fayilolin da dama asalinsu na kan faifai, musamman waɗanda aka daɗe ba a taɓa ba. Wannan ba asara, in an buƙata a sake karantowa. In bai isa ba, sai ya kwashi kayan manhajojin da ke zaune shiru ya kai wani keɓaɓɓen wuri a faifai da ake kira suwaf. Windows ma tana da nata, fayil ne mai suna pagefile.sys.

To ga inda minti gomanki suke tafiya. Ɗauko abu daga RAM kamar nanosakan 100 ne, daga tsohon faifai mai juyawa kuwa kamar milisakan 10. Ninki dubu ɗari ke nan. In miƙa hannu kan tebur daƙiƙa ɗaya ce, zuwa ƙuryar baya ya fi kwana guda. Idan abin da kike aiki da shi a yanzu ya fi ƙarfin teburin, kanel zai fitar da gunduwa, nan take a neme ta, ya dawo da ita ya fitar da wata, ita ma a neme ta. Har gunduwar da ke motsa maus ɗin ba ta tsira. Fitilar nan da ke ƙiftawa, faifan ne ke shan wannan zirga-zirga.

Sai ya tabbatar babu sauran abin matsawa yake kiran OOM killer, wato mai kashe manhaja idan wuri ya ƙare. Ni hauni nake ce masa. Kowane aiki da ke gudana yana da maki, mai cin wuri da yawa makinsa ya fi, kuma ana iya ƙara masa ko rage masa daga -1000 zuwa 1000. Mai -1000 ba a taɓa shi. Chrome da kanta take ɗaga makin shafukanta don a fara da su kafin a kai ga uwar. Hauni ba ya sallama, ba ya ba da damar adana aiki. Na taɓa rasa lissafin shago na wata guda a haka, tun daga ranar yatsana ba ya nisa da Ctrl da S, maɓallan adana aiki.

A ganina laifin Linux a nan haƙuri ne ya yi masa yawa. Muddin yana samun 'yar gunduwar da zai matsar, gani yake aiki na tafiya, alhali mutum na zaune ya zabga tagumi. Android ma kanel ɗin Linux ne a ƙarƙashinta, amma ba ta jira: tana matse kaya a cikin RAM ɗin kanta da dabarar zram, sannan wani mai gadi, lmkd, yana kashe manhajojin da aka bari a baya tun kafin waya ta shaƙe. Shi ya sa a ƙaramar waya in kin fita daga WhatsApp kin ɗauki hoto, kina dawowa sai ki ga ya buɗe daga farko. Manhajojin nan masu cewa suna share RAM kuwa, ki bar su. Abin da suka kora dawowa yake ya ƙara cin batir.

Ki gwada da kanki. Buɗe Terminal, wato tagar rubuta wa na'ura umarni, ki rubuta free -h, ki dubi lambar da ke ƙarƙashin available, ita ce gaskiyar abin da ya rage. Bayan ta farfaɗo daga sandarewa, rubuta sudo dmesg, ki nemi layin da ke cewa Out of memory: Killed process, za ki ga sunan wanda aka yanka. Sannan ki sa wani haunin mai suna earlyoom ta hanyar rubuta sudo apt install earlyoom, shi yana sara da wuri, ki rasa shafi ɗaya a huta. Ki rage shafukan, ko ki koma Lubuntu, 'yar'uwar Ubuntu ce da ta fi sauƙin nauyi.

Dubu biyar ɗin nan ki ƙara a kai ki sayi RAM ta zama giga 8, in da hali a canza faifan zuwa SSD, faifan da ba ya juyawa, ya fi sauri. Amma kafin ki biya ko sisi a kwance murfin bayan a gani ko akwai ramin ƙari, domin wasu a manne take da allon, kuma a duba irin RAM ɗin, DDR3 ce ko DDR4, ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya.