Amsa kan kaɗaicin mai aiki daga gida

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka koma aiki daga gida kakan wuni ba ka yi magana da kowa ba. Damuwarka ba ƙarama ba ce, domin a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan kaɗaici. Abin da ka rasa shi ne gaisuwar safe da 'yar hirar bakin ƙofar ofis, waɗanda a da suke zuwa da kansu, yanzu kuwa sai ka neme su da gangan. A ganina, kiran abokin aiki ka ji muryarsa ya fi rubuta masa saƙo. Ka tsayar da lokacin rufe kwamfuta, ka fita cikin mutane. Idan barci ya fara gagarar ka, ka ga likita.