Daminar Chennai a Oktoba take farawa, ƙanina

Assalamu alaikum ƙanina. Ya su Hajiya da sauran mutan gida? Saƙonka ya iso tun shekaranjiya, na jinkirta ne saboda tambayar taka ta fi ƙarfin layi biyu. Barka da arziki tukuna. Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa a fara a sa'a a gama lafiya.

Ka ce makarantar da ta ɗauke ka tana gefen Chennai, za a buɗe a watan Agusta. Ka kuma karanta cewa daminar Indiya daga Yuni take zuwa Satumba, ka ga bidiyon motoci suna iyo a titunan Mumbai, don haka kana so ka roƙi makaranta ta ɗaga maka ƙafa ka shigo ƙarshen Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke. Ka yafe mini, da na zo nan sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Ƙarshen Oktoba shi ne daidai lokacin da sama take buɗe baki a Chennai.

Abin da ka karanta gaskiya ne, amma gaskiyar wasu garuruwan ce. Ƙasar nan damina biyu gare ta. Ta farko ita ce babba, ita kowa ya sani. Idan bazara ta gasa ƙasa a Afrilu da Mayu, tudu yakan fi teku zafi nesa ba kusa ba, sai iska mai ɗauke da danshi ta taso daga teku ta kudu maso yamma ta nufo tudu. Takan fara sauka a jihar Kerala wajen 1 ga Yuni, ta isa Mumbai bayan kwana goma ko makamancin haka, ta kai Delhi a ƙarshen watan, kafin tsakiyar Yuli ta game ƙasa. Kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan da Indiya ke samu a shekara a waɗannan watanni huɗu yake zuba. Ita ce ta zubar da milimita 944 a Mumbai cikin yini guda ranar 26 ga Yulin 2005, ita ce kuma ta cinye Kerala a Agustan 2018, mutum sama da 400 suka rasu, filin jirgin Kochi ya yi kusan mako biyu a rufe.

To amma akwai wasu duwatsu da ake kira Western Ghats, sun miƙe a gaɓar yamma tsawon kilomita kusan 1,600 kamar katanga. Iskar nan idan ta zo sai ta yi karo da su, ta sauke kayanta a gabansu. Kafin ta tsallako bayan duwatsun ta iso jihar Tamil Nadu, inda Chennai take, ta riga ta zama fanko. Shi ya sa a Yuli da Agusta, lokacin da mutanen Mumbai ke naɗe wando zuwa gwiwa, mu nan sai dai hadarin yamma ya taso, a yi ruwa na awa ɗaya, gari ya ɗan yi sanyi, gobe rana ta fito abinta. Sai a Oktoba iskar ta juya akala. Ta dawo daga arewa maso gabas, ta ratsa tekun Bengal ta sha ruwa ta ƙoshi, sannan ta zo ta juye shi a kanmu. Wannan ita ce damina ta biyu, wajen 20 ga Oktoba take farawa a al'ada, ta kai Disamba. Chennai na samun ruwa kimanin milimita 1,400 a shekara, fiye da rabinsa a wannan ɗan tsakanin. Kuma lokacin ne tekun Bengal ke haifar da guguwa. Af, ita kanta kalmar monsun da Turawa ke kiran wannan iska, asalinta Larabci ne, mausim, wato lokacin abu. Matuƙan jiragen ruwa na da can da ita suke lissafin ranar tashi da ranar dawowa, sai ga shi yau ni da kai muna lissafin tikitin jirgin sama da ita.

Bari in ba ka labarin yadda na koyi wannan darasi, don ba a littafi na karanta ba. A watan Maris na 2023 na tashi daga ɗakin kwanan ɗalibai na kama haya a wata unguwa da ake kira Velachery. Ɗaki ne a ƙasa, mai faɗi, ga araha, ga tashar jirgin ƙasa kusa. Gari a bushe ƙayau. Na lura da wani layi a jikin bango, ya zagaye ɗakin daidai gwiwata, daga nan zuwa ƙasa fentin ya ɗan yi duhu yana ɓarewa. Na ce a raina mai fenti ne bai iya aiki ba. Mai gidan bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba, na biya kuɗin ajiya na wata da watanni na kwaso kayana. Ban san cewa unguwar a bakin fadamar Pallikaranai take ba, kuma yawancin gidajenta a kan tsohuwar hanyar ruwa aka gina su.

Ranar 2 ga Disamba wata dattijuwa da ke zaune a saman bene ta tsayar da ni a bakin matakala. Ba ta jin Turanci sosai, ni kuma Tamil ɗina bai wuce na cefane ba. Ta nuna ɗakina, ta nuna sama, tana ta maimaita kalmar mazhai, wato ruwan sama. Na yi mata godiya irin ta wanda bai ɗauki magana da muhimmanci ba. Abin da kawai na yi shi ne na ɗora kwamfutata a kan durowar kaya, na sa fasfo da takardun makaranta a leda na ƙulle. Daren 3 ga Disamba guguwar da aka sa wa suna Michaung ta matso kusa da gaɓa, ruwa ya kama kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauke wuta. Ni ina ta tsaron ƙofa, na tattare tsummokara na toshe ƙasanta, ashe ta banɗaki zai shigo. Wajen asuba na ji wani irin gurgur daga ramin da ruwan wanka ke fita, na haska fitilar waya, sai ga baƙin ruwa yana bulbulowa sama. Kafin gari ya waye katifata tana yawo a tsakar ɗaki. Da hantsi ruwan ya kai layin nan na bango ya wuce shi. Kwana uku na yi a falon dattijuwar nan tare da jikokinta, ba wuta, ba sabis, muna leƙen jiragen kwale-kwale suna kwasar mutane a titin da nake hawa a-daidaita-sahu. Littattafaina na shekara biyu suka zama kunu. Ledar nan kaɗai ta fita ba ta jiƙe ba.

Kada ka ɗauka tsautsayin shekara ɗaya ne. A farkon Disambar 2015 an yi wadda ta fi wannan, lokacin da aka saki ruwan madatsar Chembarambakkam ya bi kogin Adyar ya shiga gari, filin jirgin sama ya yi kwanaki a rufe, don ɗaya daga cikin hanyoyin saukar jirgin a kan kogin ma ta ratsa. A Disambar 2016 guguwar Vardah ta tumɓuke bishiyoyi ba adadi. Mutanen Velachery sun haddace karatun har ta kai a Oktoban 2024, da aka yi gargaɗin ruwa mai ƙarfi, suka kwashe motocinsu suka jera a kan gadar sama tun kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Ka duba ranakun nan da kyau, duk a cikin watannin da kake shirin sauka ne da akwati biyu, ba ka san kowa ba, ba ka san hanya ba.

Shawarata ita ce ka zo a kan lokacin da makaranta ta sa, in da hali ma ka riga shi da mako biyu, wato ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Ka ga kana da wata biyu da rabi kafin ruwa, ka san gari, ka san wace hanya ce ke cika, ka yi abokai. Ko babu maganar ruwa ma jinkirin ba zai yi maka kyau ba. Yawancin jami'o'in nan sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa kafin a bar shi ya zauna jarrabawa, jarrabawar zangon farko kuma a Nuwamba ko Disamba ake yi. Wanda ya zo ƙarshen Oktoba me zai rubuta? Ga kuma rajistar baƙi: duk ɗalibin da bizarsa ta karatu ta wuce kwana 180 dole ya yi rajista da ofishin kula da baƙi cikin kwana 14 da saukarsa. Ta intanet ake yi, amma tana buƙatar takarda daga makaranta da shaidar inda kake zaune, kuma zirga-zirgar haɗa su ta fi sauƙi a busasshen gari.

Kada kuma ka ce to bari ka zo tun Mayu ka huta. Mayu a Chennai wuta ce. Akwai wasu makonni uku da 'yan kai da suke kira Kathiri, zafi ya haura digiri 40, ga danshin teku a kai, ka yi wanka ka fito kana goge jiki kana sabon gumi. Idan daminar bara ba ta yi kyau ba ruwan famfo ma yakan yi wuya. A Yunin 2019 manyan madatsu huɗu da ke shayar da birnin sun kusa ƙafewa, har sai da aka riƙa kawo ruwa a jirgin ƙasa daga garin Jolarpettai. Garin da ke nutsewa a Disamba shi ne ke layin tanka a Yuni.

In za ka zauna a ɗakin kwanan makaranta, ka roƙi hawa na ɗaya ko sama da haka. In haya za ka kama, kar ka yarda da ɗakin ƙasa komai arhar sa, arha ba ta ado. Ka duba gindin bango, ka duba ko an ɗaga mitar wuta sama fiye da ƙima, ka ga ko titin ya fi ƙofar gidan tudu. Sannan ka bar mai gida da dillali, ka je wurin mai shayi ko mai gugar kaya na bakin layi ka tambaye shi ina ruwa ya kai a 2015 da 2023. Zai nuna maka da hannu a jikinsa, ko gwiwa, ko ƙugu, ko ƙirji.

Kayan damina kar ka wahalar da kanka da ɗauko su, laima da rigar ruwa da takalmin roba duk suna nan a kowace kasuwa. Abin da zan ce ka tanada kafin tsakiyar Oktoba shi ne fawa-banki mai ƙarfi, fitila, ruwan sha na kwana uku, busasshen abinci, da 'yan rupi a hannu, domin nan kusan komai da waya ake biya, ranar da sabis ya ɗauke kuwa mai kuɗi a banki da wanda ba shi da ko sisi ɗaya suke. Takalmin fata da jaka ka riƙa fito da su kana dubawa, fumfuna na cin su cikin mako guda. Shanya kuwa sai ta kwana uku ba ta bushe ba, a ƙarƙashin fanka muke baza ta.

Hukumar yanayi ta ƙasar, wadda aka kafa tun 1875, tana fitar da gargaɗi da launi: kore, rawaya, ruwan lemo, ja. Ja na nufin ana sa ran ruwa sama da milimita 200 a yini guda. Idan abin ya yi tsanani babban jami'in gunduma, wanda suke kira kalakta, shi ke sanar da rufe makarantu, wani lokaci da daddare, wani lokaci da sassafe. Ka shiga zauren WhatsApp na 'yan ajinku tun ranar farko, a can za ka fara ji.

Abu biyu nake tsoro fiye da ruwan kansa. Na farko shiga ruwan da ya kwanta a titi. Ba ka ganin ramin kwata da murfinsa ya buɗe, ba ka ganin wayar lantarki da ta faɗo, kuma akwai wata cuta da ake ɗauka daga fitsarin ɓera idan ruwan ya taɓa ciwo a ƙafa. Na biyu zazzaɓin dengi, wanda ke yawaita a damina da bayanta. Sauronsa mai ɗigo-ɗigon fari ne a ƙafa, kuma da rana yake cizo, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba, sai ka haɗa da man shafawa. Idan zazzaɓi ya kama ka kada ka ce maleriya ce ka hau shan magani da ka. Ka je a gwada jininka. Kafin nan farasitamol kawai, ban da asfirin da ibufurofen, suna iya jawo zubar jini ga mai dengi.

Maganar tikiti: idan jirginka zai yada zango a Mumbai a Yuli ko Agusta, to a nan ne bidiyon da ka gani ya shafe ka. Ka bar tazarar awanni masu yawa tsakanin saukarka da tashin jirgin Chennai, kada ka ɗauki mai awa ɗaya da rabi don ya fi sauƙin kuɗi.

Ka kuma ce Hajiya na son ta zo ta ga inda kake. Ka ce mata ta bari sai Janairu ko Fabrairu. Ruwa ya ɗauke, zafi bai fara ba, da safe har 'yar iska mai daɗi ake yi a bakin teku. Ku dai lura da tsakiyar Janairu, lokacin bikin girbinsu na Pongal, gari kan watse kowa ya tafi ƙauyensu, tikitin jirgin ƙasa sai wanda ya saya tun da wuri. In kuma tana son ku haura arewa ku ga Delhi da Agra, Fabrairu ya fi, domin a Nuwamba hayaƙi ke rufe Delhi, ƙarshen Disamba da Janairu kuma hazo kan tsayar da jirage, ga sanyin da ba za ta ji daɗinsa ba.

Ka turo mini sunan unguwar da makarantar take da ranar da ka tsayar, in duba maka yadda wajen ya kasance a ruwan da ya wuce. In Allah ya kai mu zan zo filin jirgi in ɗauke ka, ka sauka a wurina kafin ka samu ɗaki. Hawa na biyu nake yanzu. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce mata ta kwantar da hankalinta.