Na tara littattafai da bidiyon jitar bes, amma hannuna ya ƙi gaba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kaɗa jitar bes mai tsirkiya huɗu a wata ƙungiyar kiɗa a Kaduna, yau shekara uku ke nan. Na sauke littattafai da dama, wayata kuma cike take da bidiyon koyarwa. Idan ina ɗaki ni kaɗai nakan kwaikwayi silaf (dukan tsirkiya da babban yatsa) da gudun yatsu yadda na gani, amma da zarar mai ganga ya shigo sai komai ya dagule. Yaya zan yi da waɗannan kayan koyo in kai sahun ƙwararru?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Littafi da bidiyo suna nuna maka abin yi, amma babu wanda yake jin ka a cikinsu, balle ya ce maka ka yi sauri ko ka makara. Wannan aikin na malami ne, kuma tunda babu shi, dole ka samo masu tsaya masa: metronom, ɗaukar sautinka a waya, da kunnenka.

Fara da metronom, wato na'urar da take ba da bugu daidai don riƙe lokaci, manhajarsa kyauta ce. Ɗauki layi guda mai gaɓa huɗu (kowace gaɓa bugu huɗu ce) daga littafinka, ka sa bugu 60 a minti. Sai ka kaɗa shi sau biyar a jere babu tuntuɓe kafin ka ƙara bugu 4. Idan ya zauna, rage metronom ɗin zuwa rabi, ka ɗauki ƙararsa a matsayin bugu na 2 da na 4, inda ƙaramar ganga take faɗuwa. A nan asirin mutane da yawa yake tonuwa, domin bugu na 1 ya koma wuyanka, babu mai riƙe maka shi. Ka ɗauki sautin minti biyu, ka saurara washegari. Abu uku za ka nema: ko kana rigan bugu, ko sautukanka suna yankewa kafin lokacinsu, ko wata tsirkiya tana gunji a ƙasa alhali ba ka taɓa ta ba. Kada ka saurara da lasifikar waya. Tsirkiyar E, wadda ta fi kauri, a buɗe tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da wannan zurfin, sai ka ji kamar komai lafiya. Sa abin sauraro na kunne.

Gunjin nan shi ne abin da bidiyo ya fi ɓoyewa, saboda kyamara tana bin hannun hagu, aikin kashe sauti kuwa yawanci yana hannun dama. Idan kana kaɗa tsirkiyar D ko G, wato sirara biyun, babban yatsanka ya sauko ya kwanta a kan E da A, masu kaurin. Yatsan da ya ja tsirkiya ya je ya tsaya jikin wadda take samanta. Hannun hagu kuma yatsun da ba sa aiki su kwanta a hankali kan tsirkiyoyin ƙasa. A silaf abin ya fi tsanani, domin babban yatsa ya tafi duka, kusan duk kashewar ta koma hannun hagu. Ka mayar da bidiyo gudun 0.5 a YouTube, ka zuba wa yatsun da ba sa kaɗa komai ido.

Game da littafi, zaɓi guda ɗaya ka bi shi daga bango zuwa bango, sauran su jira. Kuma ka daina dogaro da tab, wato rubutun kiɗa na lambobi a kan layukan tsirkiya. Tab yana gaya maka tsirkiya da firet (madannin da ke wuyan jita), amma galibinsa ba ya faɗin tsawon sauti ko wurin shiru, a bes kuwa rabin kiɗan ke nan. Minti goma kullum na karanta ainihin rubutun kiɗa zai buɗe maka littattafan da suka fi amfani, irin Standing in the Shadows of Motown na 1989, wanda ya tattara layukan James Jamerson, shahararren makaɗin bes na kamfanin waƙa na Motown a Amurka. Shi Jamerson da manuniya kaɗai yake jan yawancin layukansa, ka ga ba gudun yatsu ne ya sa har yau ake nazarinsa ba, inda yake ajiye kowane sauti ne.

Duk darasin da ka koya, kai shi dukan makullai 12, wato matakan sauti da ake ɗora waƙa a kai, in ba haka ba siffar yatsu kawai ka haddace. Gwada da waɗannan kod (sautuka da ake haɗawa tare): Dm7, G7, Cmaj7. Kowace gaɓa ka fara da tushen kod, ka bi da sautinsa na 3 da na 5, bugu na huɗu kuma ka taka firet ɗaya sama ko ƙasa da tushen kod mai zuwa: D, F, A, A♭, sai ka sauka kan G. Faɗi sunan kowane sauti da baki kana kaɗawa. Ranar da mawaƙi ya ce a ɗaga makulli a tsakiyar biki, wannan ne zai fitar da kai kunya.

Wasu littattafan suna cewa kowane yatsa da firet nasa. Daga firet na 5 zuwa sama haka ne. A ƙasa kuwa, bes mai tsawon inci 34 tazarar firet ɗinta na farko ta kusa santimita 5, tilasta hannu a nan yana jawo ciwon wuyan hannu. Yi amfani da manuniya, na tsakiya da ɗan ƙarami a kan firet uku, yadda masu babbar bes ta tsaye suke yi. Idan ka ji zafi ko tsami, ajiye jitar.

Ka kuma sani yawancin littattafan nan a Amurka aka rubuta su, kan jaz da fank masu bugu huɗu. Kiɗa mai tafiyar 6/8, irin bikutsi na Kamaru, ba kasafai suke taɓa shi ba. Wannan sai da kunne: ɗauki gaɓa biyu daga wani gwani kamar Richard Bona, makaɗin bes ɗan Kamaru, ka rera su da baki har su zauna, sannan ka nemo su a wuyan jita. Mai gangarku ma ka roƙe shi rabin awa kafin atisaye, ku biyu kawai, ka kaɗa sauti ɗaya tak daidai da gangar ƙafarsa.

A ƙarshe duba jitar kanta, domin wuyanta yana motsi tsakanin damina da hunturu. Danne E a firet na farko da na ƙarshe, ka duba ratar da ke tsakaninta da firet na 8: kusan milimita 0.3 ake so, kaurin katin adireshi. Idan ta wuce haka, ɗaure ƙarfen cikin wuya zuwa dama kwatan juyi, ka sake saita tsirkiyoyi, ka bar jitar ta kwana kafin ka sake aunawa. In ƙarfen ya cije, kada ka matsa masa, kai wa mai gyara.