Hanyar samun izinin zama na dindindin ga matasa marasa takardu a Amurka

Ka tambaya ko ƙanenka, wanda aka kai Amurka yana yaro ba tare da takardu ba, zai iya samun izinin zama na dindindin ta ƙudurin DREAM, wato ƙudurin dokar da aka tsara don irin waɗannan matasa. Gaskiyar magana ita ce ƙudurin bai zama doka ba, duk da cewa tun 2001 sanatoci Dick Durbin da Orrin Hatch suka fara gabatar da shi.

Sigar da majalisar wakilai ta amince da ita a 2021, wadda ta maƙale a majalisar dattawa, ta tanadi izini na wucin gadi na shekara 10, sannan matashi ya mayar da shi na dindindin idan ya kammala digiri ko ya yi shekara 2 a babbar makaranta, ko shekara 2 a aikin soja, ko shekara 3 yana aiki, muddin ba shi da tarihin babban laifi.

Shirin DACA na 2012 kuwa, wanda gwamnatin Amurka ta kafa don irin waɗannan matasa, kariya ce kawai daga kora, tare da izinin aiki da ake sabuntawa duk shekara 2, kuma abin takaici ne a bar yara cikin wannan zullumi. Ƙanenka ya adana takardun makaranta, na asibiti da rasit ɗin haya, domin su ne shaidar zamansa, kuma ya nemi lauyan shige da fice kafin ya cike kowace takarda.