Tambaya da Amsa: Wace Cuta Ce Ta Fi Kisa a Landan Shekara Ɗari da Suka Wuce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce cututtuka masu yaɗuwa sun yi ɓarna a unguwannin talakawan Landan a da. Wacce ta fi kisa, kuma ta yaya hukuma ke sanin adadin? Daga wata ɗalibar aikin jinya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A shekarun 1920 ƙananan hukumomi 28 ne a Landan, irin su Poplar, Stepney da Bermondsey, kowacce da likitan lafiyar jama'a mai fitar da rahoto duk shekara. Babban mai kisa shi ne tarin fuka, matasa da magidanta ya fi ɗauka. Yara kuwa kyanda, tarin shiƙa, mashaƙo da gudawa ke kwashe su. Zazzaɓin jan ƙuraje (scarlet fever) ya cika asibitoci, amma a lokacin kaifinsa ya ragu.

Tun daga dokar 1889, dole likita ya sanar da hukuma in ya ga agana, mashaƙo, taifod da makamantansu, a ba shi sule biyu da sisi kan kowace sanarwa. Tarin fuka na huhu sai 1912 ya shiga jerin. Da takarda ta isa, a kai marar lafiya asibitin keɓewa, a kwashe katifa da bargo a turara su da tururi mai zafi, a toshe kafofin ɗaki a ƙona farar wuta, a dakatar da sauran yaran gidan daga makaranta.

Mashaƙo ya fi ban takaici, domin akwai allurar da ke karya dafinsa tun tsakiyar shekarun 1890. Sai dai a rana ta farko ko ta biyu take aiki sosai. A lokacin ganin likita kuɗi ne, sai iyaye su yi ta jira ko ciwon maƙogwaron zai wuce, har farar fatar da cutar ke haifarwa a maƙogwaro ta rufe hanyar numfashi, ko dafin ya taɓa zuciya.

Gudawar jarirai kuwa da zafi take zuwa, kamar yadda aka gani a 1911: ƙudaje daga kashin dawaki, madarar da ta kwana, da kwalbar shayarwa mai dogon bututun roba da ba ta wankuwa. Mutuwar jarirai a Ingila da Wales ta sauka daga wajen 150 cikin 1,000 a 1900 zuwa wajen 75 a 1925, tun ba a san maganin kashe ƙwayoyin cuta na fenisilin ba.

In za ki karanta alƙaluman, ki yi hattara. A lokacin ba ko'ina ake sanar da kyanda da tarin shiƙa ba, kuma yaron da kyanda ta jawo masa ciwon huhu, sau da yawa ciwon huhun ake rubutawa a takardar mutuwarsa. Ki kuma duba ko an mayar da waɗanda suka rasu a asibitin wata unguwa cikin lissafin unguwarsu ta asali, in ba haka ba unguwa mai babban asibiti za ta ɗauki gawar da ba tata ba.