Amfanin sukari a ruwan gishiri da sukari

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa ake zuba sukari a ruwan da ake ba yaro mai gudawa, tunda ruwa da gishiri ne jikinsa ke rasawa. Amsar tana cikin hanji.

Bangon hanji ƙwayoyin halitta ne a jere, kowace a lulluɓe da wata siririyar fata da ba ta barin abu ya shige haka kawai. A jikin fatar akwai wata ƙofa ta furotin wadda ba ta shigar da sodiyam na gishiri sai ya zo tare da gulukos, wani nau'in sukari da hanji ke samu daga sukarin da aka sha. Da sun shige, ruwa ya bi bayansu har cikin jini, domin shi ruwa ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa yake bi. Wani masanin kimiyya, Robert Crane, ne ya bayyana wannan a 1960. Abin da ya fi burge ni, ko kwalara ce ta kama mutum ƙofar nan tana ci gaba da aiki.

Sai dai a kiyaye awo. Lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan sukari ya yi yawa, kamar na lemon kwalba, sai ya janyo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Shi ya sa ƙunshin ORS na asibiti, wato garin gishiri da sukari da aka riga aka auna, ya fi.

Sau da yawa gudawar yara ƙwayar rotabairas ce, antibayotik ba ya taɓa ta. Ki ci gaba da ba shi nono. Idan idanunsa suka faɗa ko ya ƙi shan komai, a garzaya da shi asibiti.